Tokar da Na Zuba wa Itacen Kyandir

Zuwa ga Kawuna, Malam Sale mai lambu, a Kazaure.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ɗa zuwa ga ubansa, tare da tambayar jikinka, da ƙafar nan da ta mayar da kai gida, da mutanen gida manya da yara. Ni a nan Alƙahira jiki lafiya lau. Hankali ne ba ya kwance, kuma shi ne dalilin takardar nan.

Na san ba kai za ka karanta ba. Mustafa, ɗalibin da zai zo hutu, shi zai kawo ta, Malam Habu mai karanta maka takardu zai warware ta a zaure, duk wanda ya zo duba ka zai kwashi rabonsa. To, su ji. Da na so in yi maka kaset kamar yadda kowa ke yi yanzu. Har na ari rikoda na danna, sai na saurari abin da bakina ya fara fitarwa, na goge. Ka san bakin nan nawa. Alƙalami ya fi shi tafiya a hankali.

Wannan ce takarda ta uku tun tafiyarka, ban ga amsar ko ɗaya ba. Ban sani ba ko a hanya suke ɓacewa, ko fushi kake yi, ko kuwa akwai abin da ake ɓoye mini. Biyun farko duk lafiya lau na ce maka. Ƙarya na yi.

Kawu, uku daga cikin itatuwanka goma sha ɗaya sun mutu, kuma ni na kashe su. Sauran takwas suna nan tsakanin rai da mutuwa. Dakta kuma zai sauka daga Kuwait ranar Alhamis ta sama.

Kai ka san abin da hakan ke nufi, amma mutanen zaure za su ce a kan ɗan itace ake wannan kuka. Bari in gaya musu a gabanka, in na yi kuskure ka gyara. Gidan da ka yi wa aikin lambu shekara ashirin a Giza na wani likita ne da yanzu yake aiki a Kuwait, shi muke kira Dakta. Can Amurka ya yi karatu tare da matarsa, ita ta zo da irin itacen nan a cikin ambulan. Dakta yana kiransa mirika, kai ka raɗa masa itacen kyandir. Bai kai bishiya ba, ya fi ƙaramin tsiro, ya ɗan ɗara tsayin mutum. Ganyensa siriri ne, ba ya zuba rani da damina, in ka murza shi a yatsa ƙamshi ya bi ka har sallar la'asar. Da sanyi matansa kan fitar da 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar dawa, masu launin toka-toka, manne a jikin reshe, kowanne lulluɓe da kaki. Ban taɓa ganin irinsa a wani gida ba, kuma na yi yawo a garin nan.

Ka sha ba ni labarin yadda ku biyu kuka tsirar da su, kai da Madam, matar Dakta. Ka ce da yashi kuka goge kakin da ke jikin irin, ta zuba shi a gwangwani ta ajiye a firji kusa da cuku har wata uku, wai sai ya ji sanyin ƙasarsu zai yarda ya tsiro. Ka ce a ranka ka ɗauka matar nan ta taɓu. Da suka tsiro sai ka janye zatonka. Bayan ta rasu, duk shekara Dakta kan sa a tsinke 'ya'yan, bokiti guda, a tafasa a kwashe kakin da ya taso, da ƙyar ya isa kyandir ɗaya ɗan tsurut. Shi kaɗai yake kunna abinsa a ɗakinta. Na gani da idona shekarar da na zo, na ga kuma yadda ka sunkuyar da kai ka bar wurin.

To, waɗannan na kashe.

Amma kai ma, Kawu, ka saurare ni, don ba zan ɗauki kayan nan ni kaɗai ba tare da na faɗi tawa ba. Shekara uku ina bin ka a lambun nan, sau nawa ka taɓa gaya mini dalilin abu? In na tambaya sai ka ce, "Ido ke koyon lambu, ba kunne ba." In na matsa sai ka ce, "Ka yi yadda ka ga ina yi." Ni ba jaki ba ne da za a ɗora wa mangala a ce bi hanya. Ni da na ƙarasa koyon karatun Larabci a jikin tsofaffin jaridun da ake naɗe mana ta'amiyya, ƙosan nan na Masar, ba malami ba allo, ka ga na yi kama da wanda ba zai gane bayani ba? Kalma uku kacal da ka faɗa mini da duk wannan bai faru ba.

Ina tuna yadda kowace safiya kake ɗaukar kaskon gawayinmu, ka ratsa lambun nan gaba ɗaya, ka fita ƙofa, ka zubar da tokar a juji. Na yi maka dariya. Na ce a gida Inna ba ta wasa da toka, kuɓewarta da yakuwarta duk da ita take korar ƙwari, ga mu nan muna zubar da taki a titi. Ka dube ni ka ce, "Wannan ba kuɓewa ba ce." Ka wuce abinka. Shi ke nan fa bayanin.

Ina tuna kuma yadda kake aikena shagon shayin bakin titi da bokiti, in karɓo ganyen shayin da aka tace aka zubar, mu binne a gindinsu, mu rufe da busasshen ganyen gazwarina, bishiyar nan mai ganye kamar allura da ke bakin magudanar ruwa. Ba ka san abin da nake sha a shagon nan ba. Samarin da ke buga domino su yi ta kirana da sunan da suke kiran baƙar fata, "Ya Samara, yau ma miyar shara za a yi?" Ina haɗiye abin saboda kai. Ranar da na raka ka filin jirgi na dawo, na jefa bokitin bayan ɗaki, na rantse na gama bara a wurin masu shayi.

Akwai kuma gwangwanin farar wuta da ka bari a ƙarƙashin gado. Na ɗauka ta ƙaiƙayin ƙafarka ce. Na ba Am Sayyid mai gadi, ya ce akuyar ƙanwarsa na fama da ƙazwa.

Wata biyu da tafiyarka komai tamam. Ina ba su ruwa yadda ka saba, da sassafe, a jiƙa ƙasa sosai, ba a bari ta bushe ƙarau. Ban taɓa su da almakashi ba, don ka ce sai ƙarshen sanyi ake rage musu kai, kuma a reshen bara suke yin 'ya'ya, wanda ya aske su ƙwal ya aske kyandir ɗin Dakta. Wannan kam ka faɗa, na kuma riƙe. Ban yi noma kusa da gindinsu ba, na san saiwarsu a sama-sama take, ba ta son fartanya.

Sai zafi ya shigo, wasu ƙananan ƙwari masu danƙo suka sauka a kan sabon toho, kiyashi na hawa da sauka. Na tsaya na duba, na ce yau ga ranar da zan nuna wa tsohon nan ni ma ɗan manoma ne. Na je wurin mai gasa dankali a amalanke, na karɓo tokar itace buhu biyu. Har godiya ya yi mini don na rage masa kaya. Na barbaɗe ganye, na tula sauran a gindi, na bi da ruwa ya shiga ƙasa da kyau. Ƙwarin suka ragu kuwa. Na yi ta yawo a lambu ina hura hanci.

Bayan 'yan makonni sabon ganye ya fara fitowa rawaya, jijiyarsa kawai ce koriya. Na ce yunwa ce. Ka san abin da na yi? Na koma wurin mai dankali na ƙaro buhu biyu. Garin gyaran gira na tsokane ido, na kuma koma na tsokane ɗayan.

Daga nan bakin ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, ya fara zuba. Itacen da ba ya zubar da ganye, Kawu, ni ne nake share ganyensa da tsintsiya kullum safe, ina ɓoyewa a buhu kada Hajja, mahaifiyar Dakta, ta hango daga baranda. Uku na kusa da famfo, inda na fi tula tokar, suka bushe. Na karce ɓawonsu da farce, babu kore ko kaɗan.

Na hau bas na tafi wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Ataba. Yini biyu ina tsugune ina buɗe littattafan noma, mai shagon yana harara ta yana cewa nan ba ɗakin karatu ba ne. A wani tsoho mai yagaggen bango na sami babin ƙasa. Na karanta shi sau uku a tsaye. Ya ce ƙasa iri biyu ce, akwai mai tsami, akwai mai kanwa-kanwa, kuma ƙasar Masar da ruwanta sun karkata wajen kanwa. Ya ce akwai tsirran da sai a ƙasa mai tsami suke iya cin abincinsu, in tsamin ya mutu ko abincin na gabansu ba sa iya ɗauka, sai ganyensu ya yi rawaya jijiya ta rage koriya. Ya ce a nisanta toka da irin waɗannan.

Kawu, sai da na zauna a ƙasa. Wace mace ce a Kazaure ba ta san wannan ba? In yakuwa ta yi tsami da yawa, me Inna take ɗiga mata? Ruwan toka. Tun ina goye na san toka tana kashe tsami. Shekara ashirin kana lallaɓa ƙasar nan da ganyen shayi da gazwarina da farar wuta don ka sa mata ɗan tsami, ni kuma na zo da buhu huɗu na yi mata abin da ake yi wa miya.

Da ka ce mini, "Tsami suke so," wallahi da na gane. Na faɗa na sake faɗa, kuma na san ba zai ta da matattu ba.

Na tafi gandun da ake rainon tsirrai a hanyar Haram, wadda ke kai wa dalar Fir'auna, da reshe ɗaya a hannu. Wani dattijo a can ya juya ganyen, ya shinshina, ya tambaye ni abin da na zuba. Da na faɗa masa sai ya tafa hannu ya ce la haula. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na sami abin mayarwa. Ya ce in kwashe tokar da hannu, in yi ta kwarara ruwa ya wanke ƙasar, in barbaɗa farar wuta kaɗan kaɗan, kada in yi gaggawa in sake ƙona su ta wani gefen. Ya ƙulla mini wani gari kore-kore na ƙarfe, ya ce in jiƙa in zuba. Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce ƙasa ba ta san kwana ba, wata biyu ko uku, in suna da sauran kwana. Na ce kwana ashirin gare ni. Ya ce ma'alish, wato sai haƙuri.

Na yi duk abin da ya ce. Da yatsuna na kwashe tokar nan, a durƙushe, don kada ƙarfe ya taɓa saiwa, har fatar hannuna ta tsattsage. Na zaro bokitin daga bayan ɗaki na koma shagon shayi. Suka ce, "Ahlan, mai miya ya dawo!" Na miƙa bokitina kawai. Ni, Kawu. Ka tambayi Mustafa in ba ka yarda ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mazan. Ka nuna mini tun farko cewa itacen nan kamar dabino yake, da mace da namiji, kuma biyu ne kawai maza a cikin sha ɗayan. Ɗaya yana cikin waɗanda suka mutu. Ɗayan, na kusurwar katanga, shi ne mafi rauni a cikin masu rai, ganyen da ya rage masa ba zai cika tafin hannu biyu ba. In ya tafi, ko matan bakwai sun farfaɗo ba za su sake yin ɗa ko ɗaya ba. Na sami wani ɗan toho da ya fito daga saiwarsa, taku ɗaya daga gindi. Na yanko shi da ƙasarsa na dasa a tukunya, na ajiye a inuwa bakin ƙofar ɗakinmu. Kullum ina duba shi ya fi sau goma. Bai mutu ba, bai kuma motsa ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce kowa ya ji.

Am Sayyid ya gane tun tuni, mai gadi ba abin da ke wuce shi. Shekaranjiya ya same ni a gindin matattun, ya kawo mini shawara biyu, yana murmushi kamar mai ba da sadaka. Ta farko, in tumɓuke su in sayo dodoniya, wannan da ake shinge da ita a kowane gida, ganyenta siriri ne ita ma, in dasa a gurbinsu. Wai Dakta kwana goma zai yi ya koma, ba zai lura ba. Ta biyu, in ya lura, in ce tun kafin ka tafi suke ciwo, tsufa ya sa ka daina kula da su, ka bar mini gawa. Ya ce, "Mutumin yana can ƙarshen duniya, me zai same shi? Kai kuwa takardar zamanka a hannun Dakta take."

Gaskiya ya faɗa a nan. Ɗakin da nake kwana na Dakta ne. Takardar da ke hana 'yan sanda tsayar da ni, da sa hannunsa ake sabunta ta. Makarantar da ka kawo ni dominta na bar ta tun shekarar farko, ka san yadda bakina ya sa muka ƙare da malamin nahawu. In Dakta ya ce khalas, wato shi ke nan, ban san inda zan sa kaina ba, kuma ban san da wace fuska zan shigo Kazaure ba, ba shahada ba sana'a. Na kuma san Am Sayyid yana da ɗan ƙane a ƙauyensu da ya daɗe yana nema wa aikin nan. Ko na bi shawararsa, shi zai fara kai ƙarata wurin Dakta.

Ba zan ɓoye maka ba, na je har wurin masu dodoniya. Na tsaya a gabanta, na murza ganyenta a yatsa na kai hanci. Ba komai, sai ɗan warin ɗanyen ganye. Na tuna abin da Dakta ke fara yi duk ranar da ya sauka, kafin ma ya shiga ya gaida uwarsa: ya bi layin nan yana tsinkar ganye ɗaya ɗaya yana shinshinawa. Wannan dabarar ta mutu tun a nan.

Ta biyun ce ta tsaya mini a rai, don ita za ta iya ci. Dakta ya ga yadda kake jan ƙafa a shekararka ta ƙarshe. Zai yarda. Yini guda cur ina jujjuya ta, har na shirya kalmomin da Larabci mai kyau. Ina gaya maka ne don ka san irin ɗan da ka bari a bayanka. Kai da ka tsaya a gaban mutumin nan ka dafa kafaɗata ka ce masa, "Wannan hannuna ne na bar maka." Ni kuma na kwana ɗaya ina shirin sayar da sunanka don in tsira da ɗaki.

Jiya da hantsi na hau baranda wurin Hajja. Tunda nake gidan ban taɓa hawa ba sai an kira ni. Na ɗauki buhun ganyen da nake ɓoyewa na ajiye a gabanta. Na gaya mata komai, da tokar, da bokitin shayin da na jefar, da farar wutar da na bayar. Na ce Am Saleh, kamar yadda suke kiranka, ya bar su kore shar, ya kuma hana ni zuba toka, ni ne ban ji ba. Na so in ƙara da cewa ba ka yi mini bayani ba. Maganar ta zo har bakina, na mayar da ita.

Ta daɗe tana kallon buhun. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce za ta sa baki ba. Cewa ta yi, "Shi za ka gaya wa, ba ni ba. Na matarsa ne." Sannan ta ce in sauke buhun daga kan kafet ɗinta. Da yamma mai aikinta ta sauko da ganyen shayin gidan a kwano, ta ajiye a bakin ƙofata ta koma. Ban san yadda zan fassara wannan ba, kuma ina tsoron in sa rai.

Matattun uku ban tumɓuke su ba. Na bar su a tsaye inda suke, ya gan su da idonsa. Ranar Alhamis zan sa wankakkiyar riga in tsaya a gindinsu, kada ya ji daga bakin mai gadi. In ya kore ni, abu ɗaya zan roƙe shi: ya bar ni in riƙa shigowa da safe ina ba takwas ɗin ruwa da shayinsu har sabon ganye ya fito kore, don wanda za a kawo bai san su ba, kuma taki zai fara tula musu. Wannan karon duk wanda ya gaje ni sai na zaunar da shi na gaya masa dalili, ko yana so ko ba ya so.

Tsoro nake ji, Kawu. Rabon da in ci abinci ya zauna mini tun ranar da waya ta zo cewa yana tafe. Na saba in an taɓa ni in rama da baki, yanzu kuwa ba wanda zan rama a kansa. Ka yafe mini dariyar da na yi maka a kan kaskon toka. Ka yafe mini yinin nan guda da na yi ina shirya maka ƙarya. Sunanka yana nan a gidan yadda ka bar shi, wannan kaɗai na iya tsarewa.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sauƙaƙa maka ƙafar nan, Ya sa wahalar da ka sha a kaina ta zama nauyi a mizaninka. Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan Madam da ta ɗauko irin nan daga nesa. In kun idar da sallar asuba ranar Alhamis, ka sa a ɗaga hannu, a roƙa wa na kusurwar katanga rai, ni kuma a roƙa mini in iya tsayawa in ji duk abin da Dakta zai faɗa ba tare da na mayar masa ba.

Wassalam.

Ɗan 'yar'uwarka,
Lawandi
Giza, Alƙahira